Za a kafa kamfanin litiyam a bayan garinmu, mu yarda ko mu ƙi?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan tambayar, ga ta a taƙaice: "Injiniya barka da aiki. An ce za a kafa kamfanin sarrafa dutsen litiyam a bayan garinmu, yanzu haka gari ya rabu biyu, samari na murna za a samu aiki, dattawa na tsoron gonaki da ruwan sha. Ni abin da ya ɗaure min kai, tunda kayan batirin sola da motar lantarki za a yi, ba fetur ba ne ba gawayi ba, to ina cutarwar take? Kuma meye wannan adalcin muhalli da 'yan ƙungiyoyi ke ta faɗa, ba hana ruwa gudu ba ne kawai?"

Barka kadai Malam. Sai ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Aikina auna ruwa da ƙasa da iska ne a wuraren haƙar ma'adinai da masana'antu, kuma abu na farko da nake gaya wa mutanen gari shi ne su raba abu biyu da ake haɗe musu waje ɗaya, rami daban, masana'anta daban. Dutsen litiyam yana inda Allah ya ajiye shi, in a ƙarƙashin gonarka yake to a nan yake, ba mai ɗaga shi. Amma injin niƙa, da wurin wanki, da dam ɗin da za a tara laka, da hanyar da tifofi za su riƙa bi, duk waɗannan mutum ne ya zauna a ofis da taswira a gabansa ya ɗora yatsa ya ce nan. Kuma kafin ya ce nan ɗin akwai wasu wuraren da ya duba ya bari. To adalcin muhalli da kake jin ana faɗa duk a kan wannan zaɓin yake, me ya sa nan, me ya sa ba can ba, su waye za su shaƙi ƙurar su waye za su ci ribar, sannan an tambayi masu shaƙar kafin a yanke ko sai da aka gama komai aka zo sanar da su.

Bari in fara da inda ka ce ina cutarwar take. Gaskiya ne batir ba ya hayaƙi a ɗakinka, ni kaina ina cikin masu son kowa ya koma sola, wanda ya taɓa kwana kusa da janareton maƙwabci ba sai an yi masa wa'azi ba. Amma tsaftar a wajen mai amfani take. Kamar nama ne a teburin mahauci, ka gan shi tsaf-tsaf, to je ka kwata ka tambayi masu gidajen da ke kewaye yadda suke kwana.

Dutsen da ake haƙowa litiyam ɗin cikinsa ɗan kaɗan ne, yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Matakin farko sai an farfasa shi, a niƙe, a wanke da ruwa mai yawa, wani lokacin da sinadarai, har a tace shi ya kai wajen kashi 6, shi ne ake zubawa a buhu a yi waje da shi. Yi lissafi da kanka, a cikin tan 100 na dutse abin da zai tafi ba zai wuce tan 15 zuwa 20 ba, sauran tan 80 da wani abu fa ina za su? A garinku za su zauna, wani a matsayin tsakuwa wani a matsayin laka a cikin dam. Masana'antar da aka buɗe a jihar Nasarawa a watan Mayun 2024 an ce tana iya sarrafa tan 4,000 a rana. In tifa ɗaya na ɗaukar tan 30, kaga sahu sama da 130 kenan a yini ɗaya in tana aiki cike, shiga kawai, ban da fita. Yanzu ka hango wannan a kan hanyar da ta ratsa ta gaban firamarenku da rani. Ƙurar dutsen nan kuma ba irin ƙurar gona ba ce, akwai silika a ciki, wato garin sinadarin yashi mai laushi ƙwarai, tana shiga huhu ta zauna, sai bayan shekaru mutum ya fara haki da tari a yi ta ba shi maganin tarin fuka a banza, kuma huhun da ta ci ba ya dawowa.

Mataki na biyu shi ne na kemikal, a gasa garin dutsen a wuta mai zafin digiri sama da 1,000 sannan a dafa shi da asid ɗin salfa, irin na ruwan batir. Wannan ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, akwai hayaƙi, akwai tankokin asid, akwai gishiri-gishirin da ke fita cikin ruwa. Yawancin wannan aikin har yanzu a China ake yin sa, namu na nan galibi matakin farko ne, amma ku tambaya ƙarara wanne za a yi, kuma in an ce na farko ne ku tambaya akwai shirin ƙara na biyun nan gaba? Don kamfani kan karɓi fili da sunan niƙa, in ya zauna da gindinsa sai ya faɗaɗa.

Ita maganar adalcin muhalli ba 'yan ƙungiyoyinmu ne suka ƙirƙiro ta ba, daga Amurka ta taso. A 1982 gwamnatin jihar North Carolina ta kwaso ƙasa mai guba ta ce za ta binne a gundumar Warren, gundumar talakawa ce kuma mafi yawansu baƙar fata. Mutane suka fito suka kwanta a titi gaban motoci, aka kama sama da 500, ba su hana ba an binne, amma daga nan ido ya buɗe. A 1987 wata majami'a ta yi bincike a faɗin ƙasar ta gano cewa in kana son ka san inda ake ajiye sharar guba, launin fatar mazauna wurin ya fi komai nuna maka. A 1994 Shugaba Clinton ya sa hannu a umarnin da ya tilasta wa ma'aikatun tarayya duba wannan kafin su ba da izini, a Janairun 2025 kuma Trump ya soke shi. Kaga ko a can ma abin ba a zaune yake ba. Wadda ta fi burge ni ita ce dokar jihar New Jersey ta 2020, ta ce in unguwa ta riga ta ɗauki kaya, masana'antu sun kewaye ta, to hukuma ta hana sabon izini ko da shi sabon kamfanin bai karya ƙa'ida ko ɗaya ba, sai fa in akwai babbar maslahar jama'a. Dalili shi ne huhun mutum ba ya ware hayaƙin kamfani kaza da na kamfani kaza, duka yake haɗiya. Wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ya san abin da nake nufi, kowane kamfanin fata zai ce ai nawa ruwan ɗan kaɗan ne, amma je ka kalli abin da ke gangarawa rafi, da shi kuma masu lambu ke ban ruwa.

Mu a nan ba launin fata ba ne ke raba mu, talauci ne da rashin wani naka a sama. Kuma ba lallai sai da mugunta ba. Mai zaɓen wuri lissafi yake yi, ina fili ya fi arha, ina ruwa yake kusa, ina titi da wuta, ina ne ba za a kai mu kotu ba. Duk waɗannan in ka tara su sai su nuna ƙauyen da ba shi da lauya ba shi da ɗan majalisa. Ba za ka taɓa jin an ce za a kafa injin narka dalma a Maitama ta Abuja ko Nasarawa GRA ta Kano ba, ba don ƙasar can ba ta ɗaukar gini ba.

Tunda na ambaci dalma bari in tsaya a nan kaɗan, don ita ce ta fi kusa da mu kuma ita aka fi rainawa. Yawancin batiran inbata da na sola da ke gidajenmu har yau na dalma ne, shekara biyu uku sun mutu, sai ɗan gwangwan ya saya, ya sa adda ya fasa, ya tuttular da ruwan a ƙasa, dalmar ta tafi wajen masu narkawa. A Ogijo ta jihar Ogun, bakin iyaka da Legas, masana'antun narka batir sun cika gari a tsakiyar gidaje da makarantu, a ƙarshen 2025 'yan jarida suka sa aka gwada jinin mutum 70, bakwai cikin kowane goma aka samu dalma a jininsu ta kai matakin cutarwa, dalmar kuma fitar da ita ake yi waje har Amurka a yi sabbin batiran mota. Sai da labarin ya zagaya duniya aka ga hukumomi sun tashi tsaye da rufe wasu. A Senegal, unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, iyayensu mata na tankaɗe ƙasar wurin fasa batir suna tsintar dalma su sayar. A Kenya kuma an dasa irin wannan masana'anta a 2007 a jikin unguwar talakawa ta Owino Uhuru a Mombasa, wata ma'aikaciyar kamfanin, Phyllis Omido, sai da ɗanta ya kwanta aka gwada aka ga dalma ce sannan ta gane abin da ake ciki, ta ja mutane aka yi ta fama har aka rufe a 2014. Kotu ta yanke diyyar shilin biliyan 1.3 a 2020, aka ɗaukaka ƙara, sai Disambar 2024 kotun ƙoli ta tabbatar. Yaron da aka haifa shekarar da aka buɗe kamfanin ya kai 17 kafin a gama shari'a, ita kuwa dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba kuɗin da ke gyarawa.

Mu 'yan Arewa ma ba baƙi ba ne a nan. A 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu. Zinare ake nema ba kayan batir ba, amma dubi abin da ya kashe su, dalmar da ke cikin dutsen zinaren ce, ramin yana can daji, niƙan ne aka dawo da shi cikin gida, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Da a bayan gari aka ware wurin niƙa, nesa da yara, da ba a yi asarar da ta kai haka ba. Shi ya sa in aka ce min wai zaɓen wuri ƙaramar magana ce nake jin wani iri.

Sai abin da kusan ba wanda ke tambaya ranar buɗe kamfani ana kiɗa ana yanka ƙyalle, wato ranar rufewa. Ma'adini ƙarewa yake, farashi kuma faɗuwa yake, litiyam ɗin nan da kake gani daga ƙarshen 2022 zuwa 2024 farashinsa ya zube da kusan kashi 80 cikin 100, har a Ostireliya sai da aka dakatar da wasu ramuka. In kamfani ya tattara ya tafi, lakar ta wa? 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sanin amsar. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an yi shekaru ana kai wa Faransa tana kunna wutar nukiliya wadda ba ta fitar da hayaƙin gawayi, alhali ita Nijar ɗin kafin 2023 kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya take saye. Kamfanin Cominak da ke Akokan ya rufe a Maris 2021 ya bar tarin lakar da ke fitar da tururin nukiliya wajen tan miliyan 20 a gefen gari, aka fara aikin lulluɓe ta, ga iskar hamada, ga ruwan ƙarƙashin ƙasar yankin irin wanda ya taru tun zamanin da ne, ruwan sama ba ya mayar da shi. Ko a Jos, Turawan kuza sun tafi tuntuni amma tafkunan da suka bari a Bukuru da Barikin Ladi har yau suna cin mutane da dabbobi. Kar ka ce ai don Afirka ce. A Vernon kusa da Los Angeles kamfanin batir na Exide ya rufe a 2015 bayan ya gurɓata gidaje kusan 10,000, mafi yawa na talakawa 'yan asalin Latin Amurka, a 2020 ya ce ya karye kotu ta bar shi ya tafi, kuɗin harajin jama'ar California ne ake ta kwashe ƙasar da shi, ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Dam ɗin laka kuwa ku sa masa ido fiye da komai. A Fabrairun 2025 a Zambiya na wani kamfanin tagulla, Sino-Metals, ya fashe, ruwan asid kusan lita miliyan 50 ya gangara kogin Kafue, kifi ya mutu, gonaki suka ƙone, sai da aka rufe famfon birnin Kitwe gaba ɗaya. Tagullar nan ita ce wayar da ke cikin kowace sola da kowace motar lantarki. Na Kwango da kobalt ɗin batir da yadda aka tashi unguwanni a Kolwezi, da na Indonisiya inda ake narka nikel ɗin batir da wutar gawayi, ba sai na shiga ba, salon ɗaya ne.

To yanzu mu dawo gida, me doka ta ba ku. Kundin tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, in ya karɓe don amfanin jama'a abin da za a biya ka shi ne abin da ke kan ƙasar, amfanin gona, bishiyoyi, gini, ban da ita ƙasar. Ka ga wanda ya gaji gona tun kakanni za a iya sallamarsa da kuɗin dawar shekara ɗaya da ɗorawa uku. Shi ma kenan mai gona. Wanda yake noma a gonar aro fa, ko haya? Matan da ke itace da tsintar kaɗanya a dajin fa? Bafulatanin da burtalinsa da mashayarsa suka faɗa cikin shingen kamfani fa? Waɗannan ko sunansu ba ya shiga takarda, kuma su ne suka fi jin jiki. In kuɗin aikin daga Bankin Duniya ya fito ko bankunan da ke bin ƙa'idarsa, to ƙa'idar ta ce a biya kuɗin da zai sayi madadin abin da aka rasa, kuma har marar takardar fili yana da haƙƙi. Don haka ku tambaya wa ya ba su kuɗi, wani lokacin wasiƙa ɗaya zuwa ga bankin ta fi zanga-zangar wata guda tasiri.

Akwai dokar 1992 da ta wajabta binciken tasirin muhalli, wanda muke ce wa EIA, kafin a fara babban aiki. Rahoton dole a baje shi kwana 21 na aiki jama'a su duba su yi ƙorafi, ana ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri littafi ne mai ɗaruruwan shafuka da Turancin injiniyoyi, yana kulle a ofishin wani da bai zo aiki ba, tallarsa kuma a jaridar da ba ta zuwa garinku. Sannan mu masu rubuta rahoton kamfanin ne ke biyanmu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne haka tsarin yake, akwai masu tsoron Allah a cikinmu akwai kuma masu kwafo rahoton wani gari su canza suna. A cikin kowane rahoto akwai babin da ya kamata ya nuna sauran wuraren da aka duba da dalilin barinsu, can za ku fara buɗewa. In kun ga shafi ɗaya ne, an rubuta ko a yi a nan ko a fasa gaba ɗaya, to ku san an riga an sayi filin ne kafin a kira mai bincike.

Na taɓa zama a wani taron jin ra'ayin jama'a, ba zan faɗi wuri ba. An kafa rumfa a ƙofar fada, an jera kujerun roba, manya a gaba, aka kunna majigi da rana tsaka ba mai ganin komai, bature ya yi bayani da Turanci tafinta ya taƙaita minti ashirin a jimla uku, duk a kan aikin yi da rijiyar burtsatse. Mace ko ɗaya babu, rugar da ke bayan dutse ba wanda ya aika musu. Aka zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala don karɓar lemo da kuɗin mota. Wannan takardar ita na gani daga baya a maƙale a bayan rahoto a matsayin shaidar al'umma ta amince. Saboda haka Malam ka gaya wa mutanenku, kar wanda ya dangwala a takardar da ba a karanta masa kanta ba, in ta halarta ce a rubuta a sama da Hausa cewa ta halarta ce kawai.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasisin haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da ya sauka kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Wannan makami ne mai kyau amma ku lura, a kan mai lasisin haƙa take, kamfanin da sayen dutse kawai yake yana niƙawa zai iya ce muku ba ta hau kansa ba, to ku kar ku tsaya jayayya a kan wannan, ku ce mu dai sai an rubuta. Kuma kar a bar ta a hannun mutum uku. Na sha ganin yarjejeniyar da ba wanda ya taɓa ganinta sai hakimi da shugaban matasa da lauyan kamfani, abin da ke ciki kuma aji biyu ne da gyaran fada. Ba ina zagin sarakuna ba ne, da yawansu su ma ba a nuna musu taswira ba, amma nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Da ni ne a garinku, abin da zan fara nema taswira ce, ta gaske mai ma'auni, a shimfiɗa ta a tabarma kowa ya gani. Ina dam ɗin laka yake, sama da gari ko ƙasa da gari? In ya fashe cikin dare a watan Agusta ina ruwan zai bi, gidan wa zai fara tararwa? In yana saman rafin da kuke sha ko saman fadama, wannan kaɗai ya isa ku ce a matsar. Sai iska, kuma a nan ake yawan yi wa mutane wayo, don iskarmu biyu ce, da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma. Ƙura da rani take tashi, kenan injin niƙan da aka dasa a arewa maso gabashin gari duk hunturu a cikin tukwanenku zai riƙa sauke kaya, in kuma mai binciken da damina ya zo ya yi awonsa zai rubuta iska lafiya lau. Ku tambaye shi a wane wata ya auna. Sai ruwa, lita nawa za su ja a rana kuma daga ina, don burtsatsen kamfani mai zurfi da babban famfo yana iya shanye rijiyoyin gari a watan Afrilu, su ce muku ai fari ne. Hanyar tifa kuma a fitar da ita bayan gari, kilomita biyu uku na sabon titi ba komai ba ne a kuɗin irin wannan aikin.

Abin da zan fi nacewa a kai shi ne awon farko. Kafin a sa diga, a ɗebi ruwan rijiyoyinku da na rafi, da rani da damina, a auna zurfin ruwan kowace rijiya, a ɗebi ƙasar tsakar gidaje da ta filin makaranta, in da hali a gwada jinin wasu yara, a kai ɗakin gwajin da ku kuka zaɓa, ko na jami'ar da ke kusa da ku, kamfani ya biya amma sakamakon ya zo hannunku kai tsaye. Dalili kuwa, duk shari'ar gurɓata muhalli da ka sani a nan take maƙalewa, ku ce kun ɓata mana ruwa, su ce dama can haka yake, alƙali ya ce ina shaida. In ba ku da awon kafin su zo, ba ku da bakin magana. Sannan kuɗin gyaran wuri bayan rufewa a ajiye shi tun yanzu a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa shi kaɗai ba, tun ran gini tun ran zane, alƙawarin baki daga kamfanin da ka iya canza suna gobe ba abin riƙewa ba ne.

Samarin da ke murna kuma ba su yi laifi ba, kar dattawa su mai da su 'yan amshin shata, yunwa gaskiya ce, kuma sarrafa dutsen a gida ya fi a kwashe shi ɗanye a tirela a bar mu da ramuka. Amma su tambaya aiki nawa ne na lokacin gini, nawa ne zai rage bayan an gama, don na gini shekara ɗaya biyu ne ya watse, kuma a cikin na dindindin nawa ne na 'yan gari ban da gadi da dako. A rubuta adadi, a rubuta horo, a rubuta takunkumin ƙura na gaske da gwajin huhu duk shekara. Sannan kamfanin ya faɗi daga wane rami yake sayen dutse, don a ƙarshen 2024 an nuna yara ƙanana suna tsintar litiyam a ramukan da ba su da lasisi a Nasarawa, masana'antar da ke saye ba tambaya ita ke ciyar da wannan.

Kan tambayarka ta mu yarda ko mu ƙi, ni ba zan ce ku ƙi ba, in niƙa da wanki ne kawai ana iya yin sa lafiya in an ajiye shi inda ya dace. Ku ce mun yarda amma ba a nan ba, ko mun yarda in an matsar da dam ƙasa da gari an fitar da hanya. In sun ce wuri ba ya canzuwa ku nemi dalili a rubuce, ku kai ƙorafinku ma'aikatar muhalli ta tarayya da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a cikin kwana 21 ɗin nan, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In kuwa narka dalma ne ko dafa dutse da asid a jikin gidaje, wannan kam ku ƙi, ko nawa aka ce za a ɗauka aiki. Kuma ku yi sauri, ƙarfinku yana nan ne kafin a zuba kankaren farko, in an riga an kafa inji sai dai maganar diyya. Ka samo min sunan rafin da ke kusa da filin, da ɓangaren da filin yake daga gari, da nisansa da gidan ƙarshe, sai in gaya maka tambayoyin da za ku riƙe ranar taro.